Mutuwar cikin barci a Isan: yadda aka bi sawun ciwon da binciken gawa ya kasa gani

Wurin da mutanensa

Isan shi ne yankin arewa maso gabashin Tailan, fili ne mai faɗi wanda Kogin Mekong ya raba shi da ƙasar Lawos. Kusan kashi ɗaya bisa uku na mutanen Tailan a nan suke zaune, kuma yankin ya daɗe a bayan sauran sassan ƙasar wajen arziki. Ƙasar noman rairayi ce, a wasu wuraren ma da gishiri a cikinta. Shinkafa mai danƙo ake nomawa da ruwan damina, ita ce abincin safe, ita ce na dare. Da an gama girbi, magidanta da samari sukan tafi cin rani Bankok, wasu su tsallaka Singafo ko ƙasashen Larabawa aikin gini.

A cikin waɗannan mazaje ne ake samun wata irin mutuwa da mutanen wurin ke kira "lai tai". Siffarta kusan ɗaya ce a kowane gida. Mutum ne ɗan shekara talatin da wani abu, ƙaƙƙarfa, wanda bai taɓa kwanciya asibiti ba. Ya wuni a gona ko a bakin gini, ya ci abincin dare ya ƙoshi, ya kwanta. Can tsakar dare matarsa ko abokin ɗakinsa ya ji yana gurnani, numfashi na fita da ƙyar kamar ana shaƙe shi, jiki ya sandare. A girgiza shi, a kira sunansa, ba ya farkawa. Cikin 'yan mintoci rai ya yi halinsa. Wani lokaci kuma babu wanda ya ji motsi, sai da safe a tarar da gawa.

Mai karatu zai iya tunawa da dannau. Bambancin shi ne mai dannau yakan farka ya ba da labarin abin da ya danne shi, kuma babu abin da ya sami zuciyarsa.

Ba a Isan kaɗai aka san abin ba. A Filifin ana ce masa "bangungut", kuma likitoci sun rubuta a kansa tun 1917. A Japan "pokkuri" ake kiransa.

1977 zuwa 1989: gawa ba ta nuna komai ba

A Amurka aka fara ɗaukar lamarin da muhimmanci, lokacin da 'yan gudun hijira daga Lawos da Kambodiya da Biyetnam suka sauka can bayan yaƙi. A Disamba 1981 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ba da rahoton mutum 38 da suka mutu ta wannan hanya tun daga 1977, yawancinsu daga Lawos, kusan dukkansu maza.

An yi binciken gawarwakin. Jijiyoyin da ke shayar da zuciya jini a buɗe suke, babu toshewa. Tsokar zuciya ba ta yi kauri ba, ba ta saki ba. Ba a sami guba ba, ba a sami rauni ba.

A 1984 aka sami alama ta farko. Wasu 'yan ƙalilan daga cikin 'yan gudun hijirar, motar asibiti ta riske su da sauran numfashi, aka jona musu na'ura. Abin da ta nuna shi ne karkarwar ɗakunan ƙasa na zuciya. A lafiyayyar zuciya, miliyoyin ƙwayoyin tsoka suna matsewa bi da bi a kan tsari guda, kamar mata masu lugude a turmi ɗaya, kowace tabarya da lokacin saukarta. Idan karkarwa ta kama, kowace ƙwaya sai ta kama nata lokacin, zuciya ta yi ta rawa ba ta tura jini. Cikin daƙiƙoƙi kaɗan mutum ya suma, cikin mintoci ƙwaƙwalwa ta fara mutuwa. Gurnanin da iyali ke ji numfashin ƙarshe ne na mutumin da jini ya daina kai wa ƙwaƙwalwarsa.

An san yadda ake mutuwar ke nan. Abin da ke tayar da karkarwar a zuciyar da ba ta da tabo, shi ne ba a gano ba tukuna.

1990: labari daga Singafo, da abin da ƙauyuka suka yi

Tsakanin 1982 da 1990, ma'aikatan gini 'yan Tailan kimanin 230 ne suka mutu haka a Singafo, galibinsu 'yan Isan, matsakaicin shekarunsu 33. A 1990 labarin ya cika jaridun Tailan, tsoro ya shiga ƙauyuka.

Bayanin da ya yaɗu shi ne fatalwar wata bazawara ce ke yawo da dare tana ɗauke maza ta mayar da su mazajenta. Maza suka riƙa kwana da zanen mata, wasu suka shafa jan farce, don fatalwar ta ɗauka mata ne ta wuce. An kafa sassaƙen itace a ƙofar gidaje don a ɗauke mata hankali. A shekarun baya-bayan nan ma, idan aka yi irin wannan mutuwa a jere a wani ƙauye, akan rataye jajayen riguna a bakin gida. Mutanen sun lura da abubuwa biyu da suka tabbata daga baya: maza abin ke ɗauka, kuma da dare yake zuwa. Matakan da suka ɗauka ba su rage mutuwar ba.

1990 zuwa 1993: zarge-zargen likitoci

Likitoci ma sun bi hanyoyi da dama. An zargi bututun roba da wasu ma'aikata ke dafa shinkafa a ciki a wuraren gini. An zargi ƙwayar cutar meliyodosis, wadda ke zaune a ƙasar gonakin Isan. An zargi ƙarancin bitamin B1. An zargi gajiya da kewar gida da nauyin bashin da ma'aikaci ya ciwo kafin ya sami tafiya. Kowane zargi ya yi daidai da wasu mamatan, ya kasa ɗaukar sauran. Wanda bai taɓa barin ƙauyensu ba, bai taɓa ganin bututun ba, shi ma yana mutuwa.

Zargin da ya fi ƙarfi shi ne na ƙarancin fotasiyam. A 1991 wasu likitocin Tailan suka nuna cewa Isan na fama da tsakuwar ƙoda, da wani ciwon ƙoda mai zubar da fotasiyam, da shanyewar gaɓoɓi na ɗan lokaci saboda ƙarancinsa a jini. Abincin yankin ba shi da fotasiyam sosai, zufa tana ƙara fitar da shi, kuma cin shinkafa mai yawa a zama ɗaya yana sa fotasiyam ya bar jini ya shige cikin ƙwayoyin jiki. Maganar tana da tushe, domin ƙarancin fotasiyam yana rikita bugun zuciya. Sai dai mata ma irin wannan abincin suke ci, a wannan zafin suke aiki, kuma ba kasafai abin ke taɓa su ba.

A daidai wannan lokaci aka shiga ƙauyuka aka yi ƙidaya. Bincike biyu, na 1992 da na 1993, sun sami tsakanin mutum 26 da 38 a cikin kowane 100,000 a shekara, a tsakanin mazaje masu shekara 20 zuwa 49. A kusan kashi 40 cikin 100 na gidajen, an taɓa yin irin wannan mutuwa a dangi. Wannan adadi ne ya karkata hankali zuwa ga gado.

1992 zuwa 2001: alama a jikin takardar awo

A 1992 wasu likitoci 'yan'uwa biyu daga Sifaniya, Pedro da Josep Brugada, suka wallafa bayanin marasa lafiya takwas waɗanda zuciyarsu ta taɓa tsayawa aka farfaɗo da su. Ginin zuciyarsu lafiya lau, amma awon lantarkin zuciya, wanda asibitoci ke kira ECG, ya nuna wani abu iri ɗaya a dukkansu. A wayoyin da ake liƙawa a gefen dama na ƙirji, V1 zuwa V3, layin da ya kamata ya sauko ya kwanta bayan kowane bugu sai ya tsaya a sama, ya gangaro a hankali. Daga nan ciwon ya sami sunan Brugada.

Wani likitan zuciya ɗan Tailan mai aiki a Amurka, Koonlawee Nademanee, tare da abokan aikinsa a gida, suka juya daga gawa zuwa masu rai. Suka nemo mazajen da lai tai ya kama amma suka tsira, ko don an farfaɗo da su, ko don karkarwar ta tsaya da kanta. A 1997 suka ba da sakamakon mutum 27. Guda 16 suna da alamar Brugada sak. A cikin waɗannan 16 lantarki yana tafiya a hankali fiye da kima, kuma da aka tsokani zuciyarsu da waya a ɗakin gwaji, karkarwa ta tashi cikin sauƙi. Su ne kuma suka fi sauran sake kamuwa daga baya.

Wahalar ita ce alamar takan zo ta ɓace. A auna mutum yau a gan ta, a auna shi mako mai zuwa takarda ta fito fes. Hanyoyi biyu suka taimaka. Ta farko, a yi wa mutum allurar maganin da ke toshe ƙofar sodiyam, wato mashigar sinadarin sodiyam cikin ƙwayoyin tsokar zuciya, kamar ajmalin ko firokainamaid, ƙarƙashin kulawa, alamar da ta ɓuya sai ta fito. Ta biyu ta fito ne daga Jami'ar Chulalongkorn a Bankok a 2001, inda Somkiat Sangwatanaroj da abokansa suka nuna cewa idan aka ɗaga wayoyin gefen dama sama da haƙarƙari ɗaya ko biyu, ana kama alamar a mutanen da awon yau da kullum ya tsallake. Wannan ba ya buƙatar sabuwar na'ura, ɗaga waya ne kawai.

1998 zuwa 2002: ƙofar sodiyam

Kowace ƙwayar tsokar zuciya tana lulluɓe da siririn bango, a jikin bangon akwai dubban ƙananan ƙofofi masu buɗewa da rufewa. Wasu na sodiyam ne, wasu na fotasiyam, wasu na kalsiyam, kowace nata kawai take bari ya wuce. Waɗannan sinadarai suna ɗauke da caji, kuma shigarsu da fitarsu shi ne lantarkin zuciya. Ƙofar sodiyam ce ke fara buɗewa, na kamar kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Sodiyam ya kwararo ciki, ƙwayar ta kunnu, ta kunna ta kusa da ita. Kalsiyam ya biyo baya ya sa tsoka ta matse. Fotasiyam ya fita, ƙwayar ta koma hutu. Hakan na faruwa kusan sau 100,000 kowace rana.

Umarnin ƙera ƙofar sodiyam ta zuciya yana rubuce a ƙwayar gado mai suna SCN5A, a kan kuromosom na 3. A 1998 wata tawaga, wadda ƙanen likitocin nan biyu, Ramon Brugada, yake ciki, ta sami sauye-sauye a wannan ƙwayar gado a iyalai masu ciwon. Sau da yawa harafi ɗaya ne ya canza a cikin dubbai. Sakamakonsa, ko dai ƙofofin da ke isa bango su yi kaɗan, ko su buɗe su rufe da wuri, ko su ƙi buɗewa sam. Ta kowace hanya sodiyam ɗin da ke shiga ya ragu. A 2002 aka bincika iyalai goma na Asiya masu tarihin mutuwar barci, aka sami sauyin SCN5A a uku. Daga nan aka amince cewa lai tai da Brugada ciwo ɗaya ne a yawancin lokuta.

Mutum yana da kwafi biyu na ƙwayar, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba, kuma ɗaya mai matsala ya isa. Kowane ɗa ko 'ya yana da rabin yiwuwar gadonsa. Amma da yawa cikin waɗanda suka gada sukan tsufa ba tare da sun taɓa ko suma ba.

Wannan bayani ya haɗa abubuwan da suka daɗe a warwatse. Wurin da ya fi rauni shi ne bangon waje na mafitar ɗakin dama na zuciya, inda jini ke fita zuwa huhu. A can akwai wata ƙofar fotasiyam da ke buɗewa da wuri da ƙarfi, tana ja da ƙofar sodiyam, kuma ta fi ƙarfi a zuciyar namiji. Shi ya sa maza suka ninka mata kamuwa wajen sau takwas zuwa goma, alhali gadon daidai yake raba su. Da dare, da kuma bayan an ci an ƙoshi, jijiyar da ke sassauta bugun zuciya ce ke riƙe da ragama, kuma a wannan yanayi rinjayen fotasiyam a kan sodiyam yake ƙaruwa. A 1999 aka nuna a ɗakin gwaji cewa ɗaya daga cikin sauye-sauyen yana ƙara muni idan zafi ya hau, wanda ya dace da abin da likitoci ke gani: zazzaɓi yana fito da alamar, yana kuma iya tayar da karkarwa, musamman ga yara.

Wani abin lura shi ne idan sauyi ya sa wannan ƙofa ta ƙi rufewa sosai, ciwo dabam ake samu, ɗaya daga cikin nau'o'in ciwon doguwar QT, wanda a cikinsa zuciya ke jinkirin komawa hutu bayan kowane bugu. Ƙwayar gado ɗaya ce, ciwo biyu, ya danganta da ɓangaren da ƙofar ta karkata.

2003: ƙwaya ko na'ura

Maganin da aka saba ba masu haɗarin tsayawar zuciya shi ne irin su furofanolol, masu dakushe tasirin sinadarin adirenalin. Yana da araha, kuma yana ceton rai a nau'in doguwar QT da ke kama mutum lokacin guje-guje ko ninƙaya. Ɗaya zaɓin shi ne na'urar da ake dasawa ƙarƙashin fatar ƙirji, ICD, mai waya zuwa cikin zuciya. Tana sauraron bugu dare da rana, da ta ji karkarwa sai ta saki lantarki mai ƙarfi, zuciya ta tsaya cak ta sake kama tsari.

An gwada su biyun a Tailan a wani bincike mai suna DEBUT, wanda aka wallafa a 2003. Mutum 86 da suka tsira daga lai tai, ko ake kyautata zaton sun tsira daga gare shi, aka raba su ta hanyar ƙuri'a. A cikin shekara uku, mutum 7 suka mutu, dukkansu a rukunin ƙwaya. A rukunin na'ura babu wanda ya mutu, ko da yake 12 daga cikinsu karkarwa ta sake kama su, na'urar ta dawo da su. Kwamitin sa ido ya dakatar da binciken kafin wa'adinsa.

Dalilin gazawar ƙwayar yana cikin yanayin ciwon. Lai tai yana zuwa ne lokacin da adirenalin ya yi ƙasa, zuciya na bugawa a hankali, ƙwayar kuma ƙara sassauta ta take yi. Hasali ma idan karkarwa ta yi ta dawowa a jere a asibiti, maganin da ke kwantar da ita shi ne aisofiroteranol, wanda ke hanzarta zuciya.

Na'urar tana da nata nauyin. Ba ta hana karkarwa tashi, kashe ta take yi bayan ta tashi, kuma bugun lantarkinta yana da zafi ƙwarai. Takan yi kuskure ta bugi mutum yana lafiya. Wayarta takan karye, ballantana a jikin mai aikin ƙarfi. Batirinta yana ƙarewa bayan wasu shekaru, sai an sake tiyata. Kuɗinta ya fi ƙarfin manomi.

Akwai tsohon magani ɗaya da ke rage tashin karkarwar, kwinidin, ɗan'uwan kwinin na zazzaɓin cizon sauro, daga ɓawon itace ɗaya ake samo su. Yana toshe ƙofar fotasiyam ɗin nan mai buɗewa da wuri. Amma wani bincike na 2013 ya gano cewa a ƙasashe 99 cikin 131 ba a samun sa sam, domin ba ya kawo riba.

2011 zuwa yau: ƙona wurin

Wasu masu na'ura sun shiga halin da take bugunsu sau da yawa a wata. A 2011 Nademanee ya ba da rahoton irin waɗannan mutum tara. An zura siririyar waya ta ƙasan ƙashin ƙirji zuwa cikin jakar da ke lulluɓe zuciya, aka auna lantarkin bayan zuciyar taki-taki. A dukkansu an sami fili guda a gaban mafitar ɗakin dama inda lantarki ke da rauni, yana jinkiri, yana rarrabuwa. Aka ƙone filin da zafin igiyar rediyo. A mutum takwas alamar Brugada ta ɓace daga takardar awo, kuma a tsawon kimanin wata 20 da aka bi su karkarwa ba ta dawo ba, ɗaya ne kawai ya ci gaba da shan magani.

A 2015 aka duba naman wannan wuri a madubin likita, aka ga siraran tabo da ƙarancin mahaɗar da ke kai lantarki daga ƙwaya zuwa ƙwaya. Ashe zuciyar da ake cewa ba ta da tabo tana da shi, a ƙaramin wurin da binciken gawa bai saba dubawa ba. A 2023 aka fitar da sakamakon mutum 159 daga cibiyoyi da dama: kashi 81 cikin 100 ba su sake kamuwa ba bayan ƙuna ɗaya, kashi 96 bayan an maimaita wa masu buƙata.

Ta fannin gado kuwa, lissafi ya ƙara sarƙewa. A Turai ana samun sauyin SCN5A a kusan mutum ɗaya cikin biyar masu ciwon, a Tailan bai ma kai haka ba. A 2013 aka nuna cewa ƙananan bambance-bambance da ke jikin mutane da yawa, kusa da ƙwayoyin gado SCN5A da SCN10A da HEY2, idan suka taru a mutum ɗaya suna ɗaga haɗarinsa sosai. A 2018 wani kwamitin masana ya tace ƙwayoyin gado 21 da ake dangantawa da ciwon, ya ce SCN5A kaɗai ke da tabbatacciyar hujja. A farkon 2025 aka ba da rahoton wani sauyi a kusan kashi huɗu cikin 100 na masu ciwon a Tailan, wanda bai taɓa siffar ƙofar ba, ya taɓa wurin da ke ƙayyade yawan ƙofofin da za a ƙera.

Hukunci

Abin da ya buɗe wannan lamari shi ne komawa ga waɗanda suka tsira. An shafe fiye da shekara goma ana neman amsa a jikin gawa, alhali lantarki yana ƙarewa ne tare da rai. Takardar awo ta mutum 27 ta yi abin da ɗaruruwan binciken gawa suka kasa.

Gano SCN5A ya bayyana dalilin dare, da dalilin maza, da dalilin zazzaɓi, ya kuma nuna magungunan da mai ciwon zai guje wa. Amma a ganina an ɗora masa fatan da ya fi ƙarfinsa. Bai kawo magani ba, kuma yawancin 'yan Isan masu ciwon, in aka gwada jininsu, ba za a ga komai ba. Sakamako mai kyau a gwajin gado ba ya wanke kowa. Zargin fotasiyam ma bai faɗi gaba ɗaya ba, ya sauka ne daga matsayin tushen ciwo zuwa matsayin abin da ke iya tunzura shi.

Abin da ya ceci rayuka a zahiri na'ura ce da ƙuna, kuma dukkansu sai a babban asibiti, sai kuma ga wanda ya riga ya tsallake karo na farko. Wannan ne ya fi damuna a labarin. Manomin da ya kwanta a ƙauye mai nisa da asibiti, karo na farko shi ne na ƙarshe a gare shi. Abin da ya rage wa danginsa ba shi da tsada: a auna 'yan'uwa da 'ya'yan mamacin da wayoyi a sama, a sauke zazzaɓi da farasitamol da zarar ya fara, a guji giya mai yawa da cika ciki kafin barci, a ɗauki suma ko gurnanin dare a matsayin dalilin zuwa asibiti, a kuma koya wa mutanen gida danna ƙirji.

Wanda aka ga alamar a takardarsa amma bai taɓa suma ba, shi ne likita ya fi shan wahalar yanke wa shawara. Wani babban bincike na Turai a 2010, mai mutum 1,029, ya sami haɗarin kashi 7.7 cikin 100 a shekara ga wanda zuciyarsa ta taɓa tsayawa, kashi 1.9 ga wanda ya taɓa suma, kashi 0.5 ga wanda bai taɓa jin komai ba. A wannan rukuni na ƙarshe, matsalolin da na'urar ke jawowa sukan fi haɗarin ciwon yawa, shi ya sa galibi ba a dasa musu ita, sai dai a ci gaba da bibiyarsu.